Fuskar anime a PES na waya: me ke sa ido ya hau kan hanci?

Nura:
Assalamu alaikum 'yan gida. Ina neman taimakon masu zane. So nake in sa wa 'yan wasana fuskoki irin na anime, wato zanen katun na Japan, a wasan ƙwallo na PES da nake bugawa a PPSSPP, manhajar da ke kunna wasannin PSP a waya: manyan idanu, gira mai kauri, inuwa mai kaifi. Zanen yana fita tsaf a manhajar zane ta ibisPaint, amma da ya shiga wasa sai ido ya hau kan hanci, baki ya gangaro haɓa, wuya kuma launinsa daban. Ina matsalar take? Kuma in ana iya yin haka a wasannin ƙwallo na eFootball ko DLS (Dream League Soccer) a nuna mini.

Malam Sani:
Wa alaikumus salam ƙanina. Mu fara ware wasannin. A eFootball na waya babu wurin ɗora fuskar da ka zana, kuma wasan intanet ne, taɓa fayilolinsa ya saɓa wa ƙa'idar Konami, kamfanin da ya yi shi, yana iya jawo a rufe maka asusu. DLS kuwa riga da tambari yake karɓa ta hanyar link, hoton PNG 512x512, fuska ba ta ciki. Saboda haka PPSSPP ɗin nan shi ne wurin aikin. PES 2014 ne na ƙarshe da ya fito a PSP, na'urar wasan hannu ta Sony, waɗannan da ake yaɗawa da sunan sabuwar shekara tsohon wasa ne aka yi wa kwaskwarima, kuma mafi yawan kwaskwarimar ta sauya tekscha ce, wato hotunan da wasan ke lulluɓa wa jikin 'yan wasa da fili. Ita za ka bi kai ma.

Matsalarka ita ce ka zana fuska yadda ake ganin mutum daga gaba. Wasan kuwa ba haka yake ajiye fuska ba. A shimfiɗe take, kamar fatar da aka feɗe aka shanya, kumatu sun buɗe gefe da gefe, kunnuwa can a baki. Shi ke naɗe ta a kan ƙirar kai. In ba a kan wannan shimfiɗar ka yi zanenka ba, komai kyansa sai ya goce.

Nura:
To Malam, ina zan samo asalin shimfiɗar?

Malam Sani:
A PPSSPP, shiga Settings, Tools, Developer tools. Akwai "Save new textures" da "Replace textures". Kafin ka kunna na farko, je Graphics ka kashe ƙara girman tekscha, don ka samu hoton a ainihin girmansa. Sannan ka kunna, ka shiga Edit ka tsaya kan ɗan wasan da kake so na ɗan daƙiƙoƙi, ka fito ka kashe nan take. In ka bar shi a kunne zai yi ta zuba dubban hotuna, wasa ya riƙa sarƙewa, waya ta cika.

Hotunan suna sauka a PSP/TEXTURES, cikin foldar da ke ɗauke da lambar wasan, wadda kan fara da ULES ko ULUS, a wata ƙaramar folda mai suna new. Sunan kowane hoto haruffa da lambobi 24 ne. Kada ka taɓa ko ɗaya a ciki, da shi PPSSPP ke gane hoton. In ka gama zane, sai ka fito da shi daga new ka ajiye a babbar foldar da wannan sunan, ka kunna "Replace textures", ka rufe wasan ka sake buɗewa.

Mubarak:
Ƙarin bayani kan maganar Malam. Wanda ya sauke wasa mai kwaskwarima, sau da yawa ba zai ga fuskar a new ba, don PPSSPP ba ya sake ajiye hoton da an riga an musanya. Fuskar tana cikin foldojin masu kwaskwarimar. Ka buɗe da ZArchiver, manhajar duba fayiloli, ka nemo ta, ka kwafi ta asali ka ɓoye a wani wuri, sannan ka ɗora taka da sunanta. A Android 11 zuwa sama, in ba ka zaɓi folda da kanka ba lokacin fara buɗe PPSSPP, duba Android/data/org.ppsspp.ppsspp/files.

Hauwa:
Nura, kafin ka ja layi ko ɗaya, yi gwajin raga. Wannan ne matakin da kowa ke tsallakewa, kuma shi ne maganin tambayarka. Buɗe shafi 512x512, ka raba shi gida 8 a tsaye, 8 a kwance, kowane gida fiksel 64 ke nan. Ka ba gidajen launi biyu a sassaɓe, ka rubuta wa kowanne suna da manyan baƙi: A1, A2, har H8. Ka sa shi a madadin fuskar, ka shiga wasa, ka ɗauki sikirinshot uku: daga gaba, daga gefe, da kuma a ɗan karkace.

Abin da za ka duba uku ne. Na farko, wane gida ne ya faɗa kan ramin ido, wanne kan tsinin hanci, wanne kan tsagin baki. Na biyu, ina gidajen suka miƙe ko suka tsuke. Galibi gefen hanci, ƙarƙashin haɓa da kusa da kunne ne suke jawuwa, duk layin da ka zana a can zai yi kauri ko ya lanƙwashe, don haka a bar wuraren nan da launi zalla. Na uku, ka duba ko rubutun ya juye a ɓangare ɗaya. In ka ga C3 a kumatun dama, ka sake ganin C3 a juye a na hagu, to rabin fuska kawai aka ajiye ana maimaita shi.

Nura:
Yaya Hauwa, in rabi ne me zai canza?

Hauwa:
Abubuwa da yawa. Duk abin da ka sa a gefe ɗaya zai fito a biyu. In ka yi wa ɗan wasanka bille, zai fito da bille biyu. Tabo, tawadar Allah, gira ɗaya a ɗage, duk haka. Mafi muni shi ne ɗigon hasken ido. A zanen anime ana sa shi a gefe guda a duka idanun, misali sama ta hagu. In aka maimaita shi, ɗaya ya kalli hanci ɗayan ma ya kalli hanci, sai ɗan wasa ya fito harara-garke. A irin wannan fuskar ka sa ɗigon a sama daidai tsakiyar ƙwayar ido. Kuma ka tabbata launin da ke bakin layin tsakiya bai da wani datti, don ko fiksel ɗaya ya bambanta za ka ga zare ya ratsa daga goshi zuwa haɓa.

Abba Zane:
Na yarda da gwajin raga, amma akwai inda nake ganin mutane na jin tsoro fiye da kima, wato girman ido. In ba a ninka ido biyu ba, ba anime ba ne, fuskar mutum ce aka shafe. Ni a ganina a ninka shi, a cinye ƙasan gira da saman kumatu, ko ya ɗan goce ba komai, daga nesa ake kallo.

Hauwa:
Abba, a takarda maganarka daidai ce, a kan ƙirar kai kuwa ba ta tsayuwa. Ramin ido yana da zurfi, ƙashin gira ya turo a samansa, gefen hanci ya tashi a cikinsa. Idon da aka ninka biyu dole ya hau waɗannan tudun. Daga gaba zai yi kyau, amma da kyamara ta juya lokacin murnar ƙwallo sai ka ga farin ido ya naɗe a jikin hanci. Abin da Nura ke kuka da shi ke nan. Ƙarin kashi ɗaya cikin uku ya isa, in ƙirar mai faɗin fuska ce a kai rabi. Kuma ƙarin ya tafi ƙasa da waje, wajen kumatu da gefen goshi inda wuri yake a shafe. Kusurwar ido ta ciki a bar ta inda take.

Ba girma kaɗai ke sa ido ya zama na anime ba. Layin fatar ido na sama ya yi kauri sosai ya ɗan zarce waje, na ƙasa ya zama siriri ko a bar shi a yanke. Ƙwayar ido ta fi tsayi a kan faɗi, samanta ya shige ƙarƙashin layin. Saman ƙwayar duhu, ƙasanta haske. Waɗannan huɗun in sun zauna, ido ya gama.

Abba Zane:
Ban sauka gaba ɗaya ba. Akwai ƙirar kai masu shafaffen fuska da za su ɗauki fiye da rabi. Amma na yarda ƙirar ce ke yanke hukunci, ba son ran mai zane ba. Wannan ma ya kawo maganar zaɓen ɗan wasan da za a ɗora wa. Nura, kada ka zaɓi mutum don ƙarfinsa a fili, ka zaɓe shi don siffar kansa: siririn muƙamuƙi, ƙaramin hanci, goshi a buɗe. Tekscha ba ta rage hanci. Ko ka shafe shi da launi ɗaya, tudun yana nan, hasken wasan zai fito da shi. Suna da lamba da ƙwarewa duk ana gyara su a Edit daga baya.

Baffa:
Tunda an zo nan, ga jerin leya, wato shafukan zane da ake ɗorawa kan juna, da ke aiki a ibisPaint, daga ƙasa zuwa sama. Asalin fuskar a ƙasa. Sai launin fata zalla. Sai inuwa, a kunna mata Clipping don kada ta fita daga fata. Sai farin ido da ƙwaya. Sai layuka. Sai ɗigon haske a can sama. Lokacin jan layi ka kwafi asalin fuskar ka ɗora a saman komai da ƙarfin kashi 30 zuwa 40, ka riƙa ganin inda ido da baki suke, amma ka tuna ka ɓoye ta kafin ajiyewa. Alƙalamin Dip Pen mai tauri ya wadatar, Stabilizer, mai rage rawar layi, a kan 6 ko 7 ga mai zane da yatsa. In fuskar cikakkiya ce ba rabi ba, Mirror Ruler zai daidaita maka ɓangarorin, sai dai ka kashe shi kafin ɗigon ido.

Girma kuma ni 1024x1024 nake ba da shawara. Layi ya fi fita sumul.

Malam Sani:
Baffa, leyoyinka daidai ne, girman ne ban yarda ba. A yi lissafi. PNG a matse yake a ajiye, amma in wasa zai nuna shi sai an warware, kowane fiksel ya ci bait 4. Hoto 1024x1024 megabait 4 ke nan, ko da fayil ɗin bai kai kilobait 300 ba. 'Yan wasa 22 sun cinye megabait 88 a fuska kaɗai, ba a zo ga riguna, gashi, ciyawa da 'yan kallo ba. A 512x512 kowace fuska megabait 1 ce, duka 22. Wayar da ke da RAM giga 2 ko 3 za ta ji bambancin, musamman lokacin shigowa fili da maimaicin ƙwallo inda ake loda hotuna da yawa a tare.

Sannan allon PSP 480x272 ne. Mafi yawanmu a 2x muke bugawa, wato 960x544. Ko an matso da kyamara, kai ba ya cika wannan allon, to ina fiksel 1024 za su bayyana? Wanda yake so ya zana a 1024 don jin daɗin hannu ya zana, amma ya rage zuwa 512 kafin ya sa. Abin da ba a sassauci a kai shi ne siffa: in na asali 128x128 ne, 512x512. In 64x128 ne, 256x512. A ninka duka ɓangarorin da lamba ɗaya.

Baffa:
Na karɓi lissafin Malam. Sai dai in za a rage, a zana layin da kauri tun farko, don ragewa na cinye shi. A shafin 512, layin saman ido fiksel 8 zuwa 10, gira 10 zuwa 14, baki 4 zuwa 5. Duk abin da bai kai 3 ba, a kyamarar wasa ko dai ya ɓace ko ya riƙa ƙyalƙyali in ɗan wasa na gudu. Hanyar gwadawa tun a ibisPaint: ka tsuke zanen da yatsu biyu har ya koma girman farcen babban yatsa. In har ana gane gira da ido a haka, ya yi.

Nura:
Allah ya saka. Saura wuyan da ke fita daban. Kuma 'yan wasan nawa baƙaƙe ne, in na sa inuwa sai fuskar ta yi toka-toka.

Hauwa:
Wannan ya shafe mu sosai, don yawancin darussan zanen anime da farar fata ake yin su, kuma dabarar inuwarsu ba ta zama a kan tamu. Tokar nan daga baƙi ko ruwan toka take zuwa in an sa su a leyar Multiply, mai duhunta launin da ke ƙasanta. Inuwar baƙar fata launi ce mai ɗumi, ƙasa-ƙasa mai duhu da ta karkata zuwa ja. Ga misalin lambobin launi da za ka fara da su: fata 6B4226, inuwa 4A2A1E, haske 8A5A3A, layi 1E0F0A. Ka shafa inuwar kai tsaye a leyar Normal, bakinta a yanke, ba a murje ba, don yankakken baki shi ne salon. A kan fata mai duhu haske ya fi inuwa aiki: ɗan fili a goshi, kan kumatu, da ɗigo a leɓen ƙasa. Farin ido kuma kada ya zama fari tas, ka sa F0E8DC, in ba haka ba daga nesa idanun kaɗai za a gani suna walƙiya.

Inuwar ta zama kaɗan: ƙarƙashin gashi, ƙarƙashin leɓe, ɗan alamar hanci. Kada ka duhunta rabin fuska kamar yadda ake yi a hoto tsayayye, saboda wasan na da nasa hasken, in ɗan wasa ya juya sai naka da nasa su yi karo.

Wuya kuwa, hannu da ƙafa daga wani hoton daban suke. Kuskuren da ake yi shi ne ɗaukar launi daga sikirinshot, alhali hasken fili ya riga ya sauya shi. Ka ɗauka da Eyedropper daga gefen wuyan asalin fuskar da ka ciro, shi ne wanda ya dace da jiki. In launin da kake so ya bambanta, ka bar ƙasan hoton a launin asali, ka sa canjin ya faɗa ƙarƙashin haɓa inda inuwa za ta rufe shi. Mafi sauƙi dai ka zaɓi ɗan wasan da fatarsa ta riga ta yi kusa da abin da kake so.

Mubarak:
Akwai matsala biyu da zai ci karo da su nan gaba, gara a faɗa tun yanzu. Ta farko, ka sa fuska ɗaya ka tarar da ita a kan mutum biyar. Dalili shi ne 'yan wasan da ba fitattu ba suna tarayya a hoto ɗaya. Ka ɗora a kan wanda aka yi wa fuskarsa ta kansa. Ta biyu, fuska ta fito a Edit amma ta ƙi fita a cikin wasa. Lambobi 8 na farkon sunan suna nuna inda hoton ya zauna a ƙwaƙwalwar wasan, kuma wurin na iya canzawa daga wani sashe zuwa wani. Magani: a cikin textures.ini, fayil ɗin saiti da ke foldar tekschar wasan, ƙarƙashin sashen options, a rubuta ignoreAddress = true, sai sunayen su koma farawa da sifiri 8, amma ba ya aiki in layin hash quick ne, sai xxh32 ko xxh64.

Malam Sani:
A yi hattara da wannan na biyun. In foldar taka ce ka fara daga tushe, ka sa shi tun ranar farko. In ta masu kwaskwarima ce, kada ka sauya shi, kuma kada ka taɓa layin hash, wato hanyar lissafin sunayen hotuna, ko quick ne ko xxh64, domin duk sunayen da ke ciki a kansa aka gina su. Ka canza shi, riguna da filaye su koma na da. Hanya mai lafiya ita ce ka sake ciro fuskar daga cikin wasa, ka samu suna na biyu, ka je sashen hashes ka rubuta layi biyu, kowane suna sai alamar daidai sai fayil ɗaya, misali faces/nura9.png. Ƙananan baƙi, babu tazara a suna.

Sadiya:
Tambaya a kan gashi. Ana iya yin irin mai tsini-tsinin nan?

Abba Zane:
Da tekscha kaɗai a'a. Gashi ƙira ce daban da aka ɗora a kai, hoto na iya canza masa launi, ba ya iya ƙara masa tsini. Abin da ake yi shi ne a nemi mai gashi dogo ko tsayayye, a shafe shi da launi biyu, a ja zoben haske mai baki kamar haƙoran zarto. A wasu gashin, in ka goge wani ɓangare ya zama fayau, wasan zai yanke wurin, sai ka fitar da tsini ta hanyar ragewa. Ka fara gwadawa da rami ɗaya ka gani, don ba kowane gashi ke karɓa ba. In ka ga farin zare a bakin yankan, launin da ke ƙarƙashin wurin da aka goge ne ke tsiyayowa, sai ka zagaye bakin da layi mai duhu fiksel 2 zuwa 4. A ajiye da Transparent PNG. Geza kuma ana iya zana ta a goshi cikin hoton fuska, ta haɗu da launin gashin, daga nesa ba a rabewa. Ga mai askin ƙasa aiki ya fi sauƙi, layin goshi mai kaifi kawai za a ja.

Sadiya:
Manhajojin nan da ke mayar da hoton mutum anime fa? Ba su rage aiki ba?

Hauwa:
Suna ba ki fuska daga gaba, wato matsalar Nura ta farko ta dawo. Kuma sukan haskaka fata su sirance hanci har mutum ya daina kama da kansa. Ki ajiye sakamakon a gefe ki riƙa kallo, ko ki yanko ido da gira kaɗai ki jera su kan gidajen da gwajin raga ya nuna miki. In fuskar wani za ki yi, aboki ko ɗan unguwa, ki nemi izininsa kafin ta shiga guruf-guruf.

Nura:
Na yi gwajin ragar, rubutun bai juye ba, ido ya faɗa tsakanin D3 da D6. Ta yaya zan tura wa abokaina in na gama? Kuma in mun haɗa wasa za su ga fuskokin?

Mubarak:
Ba za su gani ba sai suna da su a wayarsu, kowace waya nata hotunan take nunawa. Ka haɗa PNG ɗin da layukan da ka ƙara a textures.ini cikin zip ɗaya da ZArchiver, ka tura a matsayin Document. In ka tura a matsayin hoto, WhatsApp zai matse shi ya mayar JPG, suna ya canza, wurin da ka goge ya toshe. Su ma sai wasansu da foldar kwaskwarimarsu sun zama iri ɗaya da naka, in ba haka ba sunayen ba za su dace ba. Su kwafi layukan su ƙara a nasu fayil ɗin, kada su danne shi da naka. A Graphics kuma su bar Texture filtering a Auto ko Linear, don Nearest na sa layin ido ya yi tsaki-tsaki.